An ga ƙulli a hantar maigidana, amma ya ƙi yin hoton MRI

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a cikin garin Sakkwato, ina da 'ya'ya huɗu. Maigidana yana sayar da hatsi da gyaɗa, shekarunsa 44. Shekarun baya ya je ba wani ɗan uwansa jini, sai aka gaya masa yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kuma tun lokacin bai sake komawa asibiti ba sai watan jiya da na matsa masa. An yi masa sikanin na ciki, likita ya ce hantar ta fara tauri, an kuma ga wani ƙulli mai girman santimita 2, saboda haka ya rubuta a yi hoton MRI ba tare da jinkiri ba. An yi wani awon jini da ake kira AFP, aka ce bai hau ba. Maigidana ya ce tunda jini bai nuna komai ba, yana cin abincinsa yana fita kasuwa, ba zai zuba jarinsa a kan hoto ba. Yayansa, wanda shi ne babba a gidansu, ya ce na'urar tana ƙona jikin mutum, ya kawo masa sassaƙe da jiƙo. Maigidan ya hana ni gaya wa mahaifiyarsa, haka kuma abokiyar zamana, wadda take da ciki wata shida. Ina da sarƙa da 'yan kunne na zinare, ina tunanin in sayar in biya kuɗin ba da saninsa ba. Na rasa barci. Don Allah a ba ni shawara.

Wata baiwar Allah, Sakkwato

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Allah Ya ba maigidanki lafiya, Ya saka miki da alheri a kan tsayuwar da kika yi har ya koma asibiti, domin ba don ke ba da har yanzu babu wanda ya san da wannan ƙullin. Na taƙaita wasiƙarki, na kuma cire duk abin da zai sa a gane gidanku. Amsata a dunƙule ita ce, hoton nan ya kamata a yi shi cikin 'yan makonni, kuma a yi shi da sanin maigidan da yardarsa. Sauran bayanina duk a kan dalilin hakan ne da yadda za ki kai ga samunsa.

Ki fara sanyaya zuciyarki da cewa ƙulli a hanta ba lallai ne ya zama ciwon daji ba. Akwai dunƙulen ƙananan jijiyoyin jini da mutane da yawa suke rayuwa da shi har tsufa ba tare da ya dame su ba, akwai ƙullin ruwa, akwai kuma ƙulle-ƙullen da hanta mai tauri take yi wa kanta a ƙoƙarinta na farfaɗowa. Sai dai kuma ba zan ɓoye miki ba, idan mutum yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B na shekaru, hantarsa ta yi tauri, sannan aka ga sabon ƙulli da ya kai santimita 1 ko ya wuce, likitoci a ko'ina suna ɗaukarsa da matuƙar muhimmanci har sai an tabbatar da ko mene ne. Ƙa'idar da suke bi ita ce, wanda bai kai santimita 1 ba a sake duba shi da sikanin bayan wata 3 zuwa 6, wanda ya kai kuwa a wuce kai tsaye zuwa hoton MRI ko na CT da ake yi tare da allura. Na maigidanki ya ninka wannan iyakar, don haka likitan ya bi hanyar da ta dace.

Hujjoji biyu maigidanki ya riƙe, kuma duka biyun suna kama da gaskiya ga wanda ba a yi wa bayani ba. Ta farko ita ce awon AFP. Wannan wani sinadari ne da wasu nau'o'in dajin hanta suke zubawa cikin jini, amma da yawa daga cikin ƙananan ƙari ba sa zuba shi ko kaɗan, yayin da wani lokaci yakan hau ga wanda hantarsa ta kumbura alhali babu daji a jikinsa. Saboda haka rashin hawansa bai wanke ƙullin da aka riga aka gani da ido ba. Ta biyu ita ce jin ƙarfin jiki, kuma nan ne nake so ki tsaya sosai, domin a nan mutanenmu suka fi yin asara. Hanta gaɓa ce mai haƙuri, tana iya ci gaba da aikinta ko da wani sashe nata ya lalace, kuma ƙari ɗan santimita 2 ba ya sa ciwo, ba ya hana cin abinci, ba ya hana fita kasuwa. Ranar da alamu suka bayyana, wato rama, kumburin ciki, idanu su yi ɗorawa irin na ciwon shawara, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, galibi ƙarin ya riga ya girma ko ya bazu, kuma hanyoyin magani sun ragu ƙwarai. Wannan lokacin da yake jin kansa garau shi ne lokacin da magani yake da cikakken tasiri. A matsakaici irin wannan ƙarin yakan ninka girmansa cikin kimanin wata 4 zuwa 6, wanda shi ne dalilin da ya sa ake duba masu haɗarin kamuwa da shi duk bayan wata 6, kuma shi ne dalilin da ya sa "bari sai bayan kaka" ba magana ce da za a amince da ita ba. Ki kuma sani cewa a ƙasashenmu na Afirka ta Yamma, inda yawanci ake ɗaukar ƙwayar cutar tun ana jarirai ko ƙananan yara, dajin hanta yakan zo wa mutum da sauran ƙuruciyarsa fiye da yadda ake gani a Turai, don haka shekara 44 ba kariya ba ce.

Me hoton MRI zai nuna wanda sikanin bai nuna ba? Lafiyayyar hanta tana samun kusan kashi uku cikin huɗu na jininta ne daga babbar jijiyar da ke tasowa daga hanji, ragowar kuma daga jijiyar da ke kawo jini daga zuciya. Dajin hanta kuwa akasin haka yake, daga jijiyar zuciyar yake shan jininsa. Lokacin hoton ana yi wa mutum allurar wani ruwa mai ɗauke da sinadarin gadoliniyam ta jijiyar hannu, sai a ɗauki hotuna a jere: 'yan daƙiƙoƙi bayan allurar, sannan bayan kamar minti ɗaya, sannan bayan 'yan mintuna. Idan ƙullin ya yi haske fiye da sauran hanta a zagayen farko, sannan ya dusashe ya fi ta duhu a na baya, wannan alama ce mai ƙarfi ta daji, har ma ga mai taurin hanta ana iya yanke hukunci da ita kaɗai ba sai an soka allura an ciro tsoka don awo ba. Dunƙulen jijiyoyin jini kuwa yana da tasa siffar daban, yakan cika da ruwan a hankali daga gefe zuwa tsakiya ya kuma riƙe haskensa. Haka nan hoton zai nuna ko ƙullin ɗaya ne ko akwai wasu ƙanana da sikanin ya tsallake, da ko ya taɓa manyan jijiyoyi, kuma a kan waɗannan ne likita zai gina shawarar magani.

Game da maganar yayansa, na'urar MRI ba ta ƙona jiki idan an kiyaye ƙa'idojinta, ba ta ma amfani da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi ko na CT da shi. Da maganaɗisu mai ƙarfi da igiyoyin rediyo take aiki. Mutum zai kwanta a kan gado a tura shi cikin wani rami mai kama da bututu na kimanin minti 30 zuwa 45, na'urar tana ƙara sosai har ana ba shi abin toshe kunne, kuma za a riƙa cewa ya riƙe numfashi na daƙiƙa 15 zuwa 20 a kai a kai. Abin da ake kiyayewa shi ne ƙarfe. Zai cire agogo, zobe, makullai, waya, katin banki da duk wata laya ko guru da ke jikinsa, kuma wajibi ne ya faɗa idan an taɓa saka masa ƙarfe a ƙashi, ko na'urar daidaita bugun zuciya, ko wani ɓarɓashin ƙarfe ya taɓa shiga idonsa, ko yana da haƙorin Makka. Za a auna aikin ƙodarsa kafin allurar, domin ga wanda ƙodarsa ta yi rauni sosai ruwan yana iya jawo matsala, kuma akan buƙaci ya daina cin abinci na 'yan sa'o'i kafin a fara. Idan yana tsoron ƙuntataccen wuri ya gaya wa ma'aikatan tun farko, suna da dabarun da suke kwantar wa mutum da hankali.

Akwai abin da nake so ki kula da shi kafin a biya ko sisin kwabo, domin ba kowane hoton MRI ne zai amsa tambayar ba. Hoton hanta yana buƙatar na'ura mai ƙarfin tesla 1.5 ko fiye (tesla shi ne ma'aunin ƙarfin maganaɗisu), kuma dole a yi shi da allura a zagaye-zagayen da na bayyana miki. Akwai ƙananan na'urori masu raunin maganaɗisu da suke wadatarwa ga wasu gaɓoɓin, amma ba su da saurin da hoton hanta yake buƙata, sai mutum ya kashe kuɗinsa a dawo a ce a sake. Ku tambayi likitan da kansa inda na'urar da ta dace take aiki a halin yanzu, ko a nan Sakkwato ne ko sai an je Kano ko Abuja, ku kuma buga waya ku tabbatar kafin ku hau mota. Idan ba a riga an haɗa shi da likitan hanta ba, ku nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, domin irin wannan matsalar ba ta likita ɗaya ba ce, tana buƙatar likitan hanta da mai karanta hoto da likitan fiɗa su haɗa kai. Bayan an gama ku karɓi hotunan a faifai tare da rahoton, ba takardar kaɗai ba, saboda wani ƙwararren ya iya sake dubawa.

Idan kuwa kuɗin ko nisan ya gagara, ku gaya wa likitan gaskiya ku tambaye shi game da hoton CT mai zagaye-zagaye, wanda shi ma ake yi da allura. Ƙa'idojin likitoci sun amince da shi don wannan aikin, ya fi sauri, galibi ya fi araha kuma ya fi samuwa. MRI ya ɗan fi shi gano ƙananan ƙari, shi ya sa likitan ya fara zaɓarsa, amma CT mai kyau da aka yi a wannan watan ya fi MRI da za a yi bayan wata biyar.

A rahoton za ki iya ganin alama kamar LR da lamba. Wannan tsari ne mai suna LI-RADS da ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka ta fitar a 2011 domin masu haɗarin dajin hanta. LR-1 da LR-2 na nufin ƙullin ba daji ba ne ko mai yiwuwa ba shi ba ne, LR-3 yana tsaka-tsaki ana sake hoto bayan 'yan watanni, LR-4 zato ya yi ƙarfi har akan ƙara wani hoton ko a ciro tsoka, LR-5 kuma tabbaci ne. Ko da an kai ga LR-5, ƙari ɗaya ɗan santimita 2 a hantar da har yanzu take aiki yana cikin matakin da ake neman warkewa: ana iya yanke sashen da yake, ko a ƙone shi da wata allura mai zafi da ake sokawa ta fata, wadda ta fi aiki ga ƙarin da bai wuce santimita 3 ba. Ina faɗa miki wannan ne domin ki sami abin da za ki amsa idan ya ce miki ai ko da an gano cutar, babu maganinta.

Yanzu ga shi maigidan kansa. A ganina kuɗi rabin maganar ne kawai. Mutumin da ya yi shekaru yana sane da cutar bai koma asibiti ba, tsoron abin da za a gaya masa ne ya fi rinjaye, ga kuma nauyin gida biyu da yake tunanin wa zai ɗauka idan ya kwanta. Irin wannan mutum idan aka tunkare shi da kuka da faɗa sai ya ƙara ƙanƙame matsayinsa. Ki zaɓi daren girkinki, bayan ya ci ya huta, ki fara da nuna masa kin fahimci damuwarsa a kan jari da yara, sannan ki roƙe shi abu ɗaya tak: ku koma wurin likitan tare, ya ji bayanin da kunnensa, ya yi tambayoyinsa, bayan nan ya yanke hukunci. Wannan ya fi sauƙin amincewa fiye da a ce masa ya fitar da kuɗi yau. Idan ya kawo maganar tawakkali, ki tuna masa cikin ladabi cewa neman magani umarni ne na addini, kuma ba ya rage wa mutum dogaro ga Allah. In akwai malami ko amini da yake jin maganarsa, ki nemi izininsa a shigo da shi.

Zinarenki mallakinki ne, kina da ikon yin abin da kika ga dama da shi, kuma niyyarki abar yabo ce. Amma kada ki sayar a ɓoye. Hoton ba ya yiwuwa sai ya je da ƙafarsa ya sa hannu, kuma idan ya gano kin yi gaban kanki zai iya ɗaukarsa a matsayin kin nuna gazawarsa, ya ƙi zuwa gaba ɗaya. Ki gaya masa a fili cewa kina da abin da za ki taimaka da shi, ko a matsayin rance idan hakan zai fi masa daɗi. Sannan ki yi tunanin gaba, domin idan sakamakon ya buƙaci magani, kuɗin da ke tafe ya fi na hoton, kuma a lokacin ne zinaren zai fi amfani. Kafin a taɓa shi ku bincika ko yana da rajista da inshorar lafiya ta ƙasa ko ta jiha, ku je sashen kula da jin daɗin marasa lafiya na asibitin, ku miƙa buƙata ga hukumar zakka da waƙafi ta jiha, kuma 'yan uwansa da abokan kasuwarsa suna da haƙƙin su san halin da ake ciki idan ya yarda.

Yayansa kada ki mayar da shi abokin gaba, domin ƙauna ce ta sa ya kawo sassaƙen, kuma a gidan da ake jin maganar babba, samun goyon bayansa ya fi cin nasara a kansa a gardama. Ba ke ce za ki yi musu da shi ba. Ki ba maigidan shawarar ya gayyace shi rakiya zuwa wurin likita, ya yi tambayarsa ta ƙona jiki a can. Amma jiƙon a dakatar da shi tun yau. Duk abin da aka sha hanta ce take tace shi, kuma hanta mai tauri ba ta da ƙarfin ɗaukar haɗin da ba a san abin da ke cikinsa ko yawansa ba. Haka nan kada ya sha maganin ciwon jiki na kemis ba tare da tambayar likita ba. Abin da ya kamata ku tambaya shi ne maganin ƙwayar cutar kanta, tenofobir ko entekabir, ƙwaya ɗaya a rana, wanda ake ba duk mai nau'in B da hantarsa ta yi tauri. Yana danne ƙwayar cutar yana rage ci gaban lalacewar, kuma idan an fara ba a dainawa sai da umarnin likita. Tunda sana'arsa hatsi da gyaɗa ce, ki kula kada ragowar da ta yi funfuna ta shigo tukunyarku, domin funfunar gyaɗa da masara tana fitar da wata guba mai suna afalatoksin wadda ke ninka haɗarin dajin hanta ga mai nau'in B, kuma dafuwa ba ta kashe ta.

Mahaifiyarsa za a iya jinkirta gaya mata har a sami sakamako, wannan haƙƙinsa ne, ki mutunta shi. Abokiyar zamanki kuwa lamarinta daban ne, kuma a nan ba zan sassauta ba. Ciwon hanta nau'in B yana yaɗuwa ta jini da ta saduwar aure da kuma daga uwa zuwa jariri lokacin haihuwa, kuma jaririn da ya kamu a lokacin haihuwa, kusan 9 cikin 10 suna zama masu ɗauke da cutar har girmansu. Tana buƙatar a auna ta yanzu. Idan tana ɗauke da ita kuma ƙwayar ta yi yawa a jininta, akwai maganin da ake ba mai ciki a watannin ƙarshe, kuma ko ya sakamakonta ya kasance, a yi wa jaririn allurar rigakafin farko cikin sa'o'i 24 da haihuwa, wanda ke nufin ya fi kyau ta haihu a asibiti. Ki gaya wa maigidan cewa ba sai ya faɗa mata maganar ƙullin ba idan bai shirya ba, amma cutar kam dole ta sani, kuma ya fi dacewa ta ji daga bakinsa, ko ya kai ta awon ciki ya roƙi ma'aikatan su yi mata gwajin. Ki ba shi 'yan kwanaki ya yi hakan, domin cikin ba zai jira ba. Ki kuma kwantar masa da hankali cewa wannan ba abin kunya ba ne: binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin kashi 8 cikin 100 na manyan Najeriya suna ɗauke da ita, mafi yawansu tun yarinta, ta hanyar haihuwa ko askar wanzami da ba a tsabtace ba.

Ke ma ba ki ambaci ko an auna ki ba. Ki je a auna ki, ke da 'ya'yanki huɗu da na abokiyar zamanki idan tana da su. Rigakafin ya shiga cikin alluran yara a Najeriya tun 2004, don haka ki duba katunansu ki ga ko sun kammala, wanda kuma ba ya ɗauke da cutar bai kuma yi rigakafin ba, allura uku ce cikin wata 6. Cin abinci kwano ɗaya, shan ruwa kofi ɗaya da gaisawa ba sa yaɗa ta, don haka kada a ware masa kwano. Reza da abin yanke farce da buroshin haƙori ne kowa ya riƙe nasa.

Idan Allah Ya sa hoton ya nuna ƙullin ba daji ba ne, kada ku ɗauka an gama, domin taurin hantar yana nan, kuma zai ci gaba da yin sikanin da awon jini duk bayan wata 6. Ki rubuta ranar a wayarki, ki riƙe duk takardun a jaka ɗaya. A wannan makon dai, ki nemi a tsayar muku da ranar komawa wurin likita, ku tafi ku uku tare da yayansa idan ya yiwu, kuma ki rubuta tambayoyinki a takarda tun a gida: wace na'ura, a ina, nawa ne kuɗin har da allura da awon ƙoda, ko CT zai wadatar, da kuma yaushe za a fara maganin ƙwayar cutar. Ki sake rubuto mini bayan an sami sakamakon, in sha Allahu sai mu duba mataki na gaba tare.